Saye ne ko haya? Fashin baƙi kan wasannin bidiyo da ba sa tashi sai da intanet

Idan mutum ya zaro kuɗinsa ya sayi wasan bidiyo, ga faifan a hannunsa, ga rasit, shin kamfanin da ya sayar masa yana da hurumin kashe wasan daga nesa duk ranar da ya ga dama? Wannan tambaya ce ta haɗa masu buga gem da manyan kamfanonin wasanni faɗa tun daga watan Afrilun 2024, bayan kamfanin Ubisoft ya kashe wasan tseren mota mai suna The Crew, har maganar ta kai gaban kotu a Amurka, ta shiga Majalisar Dokokin Birtaniya, ta kuma isa teburin Hukumar Tarayyar Turai ɗauke da sa hannun mutum sama da miliyan ɗaya.

Mutane da yawa sun ɗauki rigimar a baibai. Wasu suna ganin 'yan wasa ne ke neman kamfani ya yi ta kashe kuɗi a kan tsohon gem har abada. Wasu kuma suna ganin damuwar 'ya'yan masu hali ce a ƙasashen Turawa, babu ruwan wanda ke fama da wuta da kuɗin data. Duka biyun ba su kama bakin zaren ba.

Wane irin "sai da intanet" ake magana a kai?

Akwai wasannin da asalinsu na taron jama'a ne. Duk wanda ya taɓa buga PUBG Mobile ko Free Fire ya san cewa gomman mutane ne daga wurare daban-daban ake zubawa a fili guda, kowa da wayarsa. Dole a samu wata babbar kwamfuta a tsakiya, wadda ake kira sabar, da za ta riƙa sanar da kowa inda abokin karawarsa yake da abin da ya yi. Babu mai hankalin da zai ce a buga irin wannan ba tare da intanet ba, kuma babu wanda yake jayayya a kai.

Inda gizo ke saƙar shi ne wasan da mutum ke bugawa shi kaɗai, shi da na'urarsa, ba abokin hamayya ba abokin tafiya, amma an gina shi ta yadda kowane lokaci sai ya tuntuɓi sabar kamfanin kafin ya ci gaba. Sabis ya ɗauke, wasa ya tsaya. Sabar kamfanin ta samu matsala a can wata ƙasa, kai da ke zaune a ɗakinka da cikakken sabis, wasa ya tsaya.

A nan ma akwai bambancin da ya kamata a riƙe, domin shi ne ke nuna ko za a iya ceto wasa bayan an rufe shi. Wani wasan gaba ɗayansa yana cikin na'urarka, tuntuɓar da yake yi ta neman izini ce kawai: wannan mutumin ya biya? In an ce e, ya ci gaba. Cire wannan tambayar aiki ne mai sauƙi. Wani kuma da gangan aka yanki wani ɓangarensa aka ajiye a sabar kamfanin, kamar inda ka tsaya, motocin da ka tara, ko lissafin abin da zai fito idan ka kayar da abokin gaba. Irin wannan, ranar da aka kashe sabar, abin da ke hannunka gangar jiki ce kawai.

Hujjar kamfanoni

Babban abin da suke fara kawowa shi ne satar fasaha, kuma ba ƙarya suke yi ba. Wanda ya ga yadda masu kwafar faifai suka durƙusar da kasuwar finafinan Hausa, har 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da dama suka sauya sana'a, ba zai raina wannan kuka ba. Babban wasa yana cin shekaru da ɗaruruwan ma'aikata. Idan ya fito yau, gobe aka same shi kyauta a intanet, asarar ta gaske ce.

Sai batun masu maguɗi. Idan bayanan ɗan wasa suna cikin na'urarsa, zai iya buɗewa ya rubuta wa kansa kuɗi da makamai, sannan ya shiga cikin jama'a ya ɓata wa kowa wasa. Wannan hujja tana da ƙarfi a wasan gasa. Ba ta da wani ƙarfi ga mutumin da ke buga nasa shi kaɗai, wanda in ma ya yi maguɗin kansa ya cuta.

Dalilin da ba a cika faɗa da babbar murya ba shi ne kasuwa. Ɗan wasan da ke haɗe da sabar kullum yana gaban shagon kamfani kullum: ana nuna masa sabuwar riga, sabuwar mota, tikitin sabon zango. Ana kuma ganin awa nawa yake yi, a ina yake gajiya, me yake saye. Ga shi ba zai iya sayar da wasan hannu-na-biyu yadda ya ga dama ba. A ganina wannan dalili na uku ya fi sauran biyun nauyi a lissafin manyan kamfanoni yau, ko da yake na farkon ake sa wa a gaba idan za a yi wa jama'a bayani.

Yadda aka faro

A farkon 2010 kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da Assassin's Creed II a kwamfuta da sharaɗin cewa intanet ba zai yanke ba ko na ɗan lokaci. In ya yanke, wasan ya dakata. A watan Maris na shekarar aka kai wa sabar kamfanin hari, waɗanda suka biya kuɗi suka kasa shiga. Cikin 'yan makonni masu kutsen manhaja suka ɓalle makullin, sai ya zama wanda ya saci wasan yana bugawa lafiya lau, wanda ya saya kuma yana jiran sabis. A 2012 Ubisoft ya sanar cewa ya yi watsi da wannan tsari a wasanninsa na kwamfuta.

Ranar 15 ga Mayun 2012 kamfanin Blizzard ya saki Diablo III, wasan da aka shekara fiye da goma ana jira. Miliyoyin mutane suka danna shiga a dare guda, abin da ya tarbe su shi ne saƙon kuskure mai suna Error 37, wanda har yau tsofaffin 'yan wasa suke tunawa. A Koriya ta Kudu ƙorafin ya yi yawa har hukumar kula da adalci a kasuwanci ta kai samame ofishin kamfanin da ke Seoul. Abin lura, da wasan ya fito a na'urorin buga gem na PlayStation 3 da Xbox 360 a 2013, ana buga shi ba tare da intanet ba.

SimCity na 2013 ya fi kowanne tona asirin lamarin. Wasa ne na gina gari: ka shimfiɗa tituna, ka ja ruwa da wuta, ka sa haraji, ka ga ko mutane za su zauna. Tun 1989 ake buga ire-irensa a kaɗaice. Kamfanin EA ya fitar da sabon a watan Maris 2013 da sharaɗin intanet, sabar ta kasa ɗaukar jama'a, mutane suka yi ta zaman layi don shiga garin da su kaɗai ne a ciki, wasu kuma garuruwan da suka kwana suna ginawa suka ɓace. Har Amazon ya dakatar da sayar da shi na ɗan lokaci. Shugabar sashen Maxis da ya ƙera wasan, Lucy Bradshaw, ta bayyana cewa wani muhimmin kaso na lissafin wasan a sabar ake yin sa, don haka raba shi da intanet babban aiki ne. Ba a jima ba wani mai kutsen manhaja ya nuna wa duniya wasan yana tafiya babu intanet. EA ya ba da haƙuri da kyautar wani wasa, kuma a watan Maris 2014 ya fitar da tsarin bugawa ba intanet, abin da aka ce zai yi wuya. Bakin alƙalami ya riga ya bushe. A watan Maris 2015 aka rufe babban ofishin Maxis na Emeryville, a watan ne kuma wani ƙaramin kamfani daga Finland ya fitar da Cities: Skylines, masoya gina gari suka koma can.

A shekarar 2013 ɗin dai Microsoft ya so ya ɗora tsarin a kan na'ura sukutum. Xbox One za ta riƙa tuntuɓar kamfani sau ɗaya a kowace awa 24, in ba haka ba wasanni su kulle, sannan ba da aron faifai ko sayar da shi sai da ƙa'idoji. Wani babban ma'aikacin kamfanin, Adam Orth, ya rubuta a Twitter cewa masu ƙorafi su haƙura kawai, kuma bai daɗe ba ya bar aikin. Shugaban sashen Xbox na lokacin, Don Mattrick, ya ce wanda ba shi da intanet ai ga Xbox 360 nan. Sony ya ga ɓaraka ya shiga: ya sa PlayStation 4 a dala 399, ƙasa da ta Microsoft da dala 100, ya kuma saki wani gajeren bidiyo na koyar da yadda ake ba aboki aron wasa, inda mutum ɗaya ya miƙa wa ɗaya faifai, shi ke nan. Ranar 19 ga Yunin 2013 Microsoft ya janye tsarin gaba ɗaya, tun na'urar ba ta shiga kasuwa ba.

Da wannan sai aka zaci an gama. Ashe salo kawai aka sauya. Maimakon sanarwa da ganga, sharaɗin ya riƙa shigowa wasa bayan wasa. A watan Maris 2022 Gran Turismo 7 na Sony ya yi fiye da awa 30 yawancin sassansa a kulle saboda gyaran sabar, har da tseren da mutum ke yi shi kaɗai. Call of Duty: Black Ops 6 na 2024 yana buƙatar intanet ko a ɓangaren labarinsa na mutum ɗaya.

The Crew, wasan da ya fasa ƙwai

Duk waɗancan matsaloli ba su kai ga kashe wasa ɗungurungum ba. Na The Crew mutuwa ce.

Wasan tseren mota ne da Ubisoft ya fitar a watan Disambar 2014. An zana taswirar Amurka a taƙaice, mutum ya tayar da mota daga New York ya bi hamada da duwatsu har Los Angeles. Za ka iya haɗuwa da wasu a hanya, amma akwai cikakken labari da tsere da ake yi a kaɗaice, kuma mutane da yawa abin da suka saya don shi ke nan. A watan Disambar 2023 aka cire shi daga kasuwa. Ranar 31 ga Maris 2024 aka kashe sabar, kamfanin ya ce saboda batun kayan aiki da ƙarewar yarjejeniyoyin lasisi. Daga ranar, wanda ya zura faifan a na'urarsa zai ga allon farko ya bayyana, ya danna, sai saƙon cewa an kasa haɗuwa da sabar. Iyakar tafiyar ke nan. Taswirar tana cikin faifan, motocin suna ciki, amma ƙofar ba ta buɗuwa. Bayan 'yan kwanaki waɗanda suka saya ta intanet suka tarar an janye lasisin daga asusunsu, ko sake saukewa ba za su iya ba.

Wani Ba'amurke mai shirya bidiyo a YouTube, Ross Scott, wanda ya daɗe yana kuka a kan wannan ɗabi'a, ya ƙaddamar da gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni. A watan Nuwambar 2024 wasu 'yan wasa biyu suka maka Ubisoft a kotu a California. Amsar lauyoyin kamfanin ita ce ba a taɓa sayar musu da wasan ba, izinin amfani mai iyaka suka saya, kuma an rubuta a jikin kwalin cewa ana buƙatar intanet.

Idan haya ce, ina wa'adin?

Nan ne zuciyar maganar. A shagon intanet maɓallin da mutum ke dannawa cewa yake yi "saya". Farashin ma na saye ne, dala 60 ko 70 a dunƙule. Amma doguwar yarjejeniyar da ke fitowa kafin wasa ya fara, wadda kusan kowa ke danna amincewa bai karanta ba, cewa take yi lasisi ne, kuma kamfani na iya dakatar da shi.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari da bai taɓa riƙe abin buga gem ba zai gane inda matsalar take. A fiƙihun ciniki da muka tashi da shi, saye daban, haya daban. Abin da ka saya ya zama naka, mai sayarwa ya fita. Haya kuwa ba ta inganta sai an san kuɗinta an kuma san wa'adinta. Abin da waɗannan kamfanoni ke yi bai zauna a ko ɗaya ba: sun karɓi kuɗin saye, sun riƙe ikon mai ba da haya, wa'adin kuma yana cikin aljihunsu. Wanda ya sayi The Crew a 2014 ya mori shekara tara da ɗoriya. Wanda ya saya a ƙarshen 2023 watanni kaɗan ya samu, kuma ranar da yake biya babu wanda ya gaya masa.

Jihar California ta taɓo gefen matsalar. Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar AB 2426 a watan Satumbar 2024, ta fara aiki a farkon 2025. Ta hana shagunan intanet amfani da kalmar saye sai sun bayyana wa mai biya ƙarara cewa lasisi yake karɓa. Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, ya ƙara irin wannan sanarwa a shafin biyan kuɗi. Ci gaba ne, amma dokar ba ta hana kashe wasa ba. Ta dai ce a faɗa maka tun farko.

Me masu gangamin ke nema, me kamfanoni ke cewa?

Buƙatar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Ba su ce a riƙe sabar har abada ba, ba su ce a ci gaba da fitar da gyara ba, ba su nemi a ba su mallakar fasahar kamfani ba. Cewa suka yi idan kamfani zai janye hannunsa daga wasan da ya sayar, ya bar shi a yanayin da za a iya bugawa: ko ya cire tambayar neman izini, ko ya saki manhajar da 'yan wasa za su kafa tasu sabar da kuɗinsu.

A Tarayyar Turai akwai hanyar da 'yan ƙasa ke tilasta wa hukumar tarayyar ta duba wani batu, idan suka tara sa hannu miliyan ɗaya cikin shekara guda, tare da cika ƙa'ida a aƙalla ƙasashe 7. An fara tarawa ranar 31 ga Yulin 2024, aka rufe bayan shekara da sa hannu sama da miliyan 1.4. A fahimta, wannan ba doka ba ce. Wajibin hukumar shi ne ta saurara ta ba da amsa a hukumance, tana iya kawo ƙudurin doka, tana iya ƙi. A Birtaniya wata takardar koke kan batun ta haura sa hannu 100,000, 'yan majalisa suka tattauna ta a watan Nuwambar 2025, gwamnati kuma ta ce ba ta da shirin sauya doka.

Ƙungiyar kamfanonin wasanni ta Turai, Video Games Europe, ta fito ta soki buƙatar. Ta ce za ta ƙara tsadar ƙera wasanni, kuma sabar da jama'a za su kafa ba ta da kariyar bayanan mutane ko hana ɓarna. Akwai kuma batun lasisin motoci da waƙoƙi da ke ƙarewa bayan wasu shekaru, da manhajojin wasu kamfanoni da aka gina sabar da su, waɗanda ba a da ikon rabawa.

Wasu daga cikin waɗannan matsaloli na gaske ne, musamman ga ƙananan kamfanoni da wasannin da aka riga aka gina a kan sabar masu sarƙaƙiya. Amma hujjar cewa ba zai yiwu ba ta sha faɗuwa. Da Sony zai rufe sabar Gran Turismo Sport a watan Janairun 2024, ya fitar da gyaran da ya bar wasan yana aiki. Ƙaramin kamfanin Velan Studios da ya rufe Knockout City a 2023 ya saki sigar da kowa zai kafa tasa sabar. Wasan Redfall ya samu tsarin ba intanet a gyaransa na ƙarshe a 2024, ana daf da rufe kamfanin da ya yi shi. Ubisoft da kansa, bayan surutun ya yi yawa, ya yi alƙawarin irin wannan tsari ga The Crew 2 da The Crew Motorfest, na The Crew 2 ya fito a 2025. The Crew na farko kuwa, masoyansa ne suka zauna ba albashi suka ƙera wata sabar ta kwaikwayo suka dawo da shi. Abin da 'yan sa-kai suka iya ba tare da takardun ƙirar wasan a hannunsu ba, da wuya a yarda ya gagari mai takardun.

Ina ruwan mai buga gem a Kano ko Maraɗi?

Bature yana tsoron ranar da za a kashe sabar. Mu namu ya fi kusa, domin sharaɗin intanet yana cizonmu tun wasan yana da rai.

A leƙa gidan gem na unguwa da yamma. Talabijin uku ko huɗu a jere, benci, janareta na ruri a waje, yara sun yi cirko-cirko suna jiran wanda za a ci ya miƙa hannu. Mai gidan yana lissafin fetur da kuɗin kowane wasa, ribarsa ba ta da kauri. Abin da ke riƙe wannan sana'a shi ne wasan ƙwallo da na faɗa da ke tashi da zarar an kunna. Ka ɗora masa wasan da sai ya sauke gigabayit masu yawa kafin ya buɗe, sannan ya riƙa shan data duk tsawon yini, ka fitar da shi daga kasuwa. Ga shi a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100.

Ko mai kuɗin data ma bai tsira ba. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, ciki har da MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, suka lalace, Najeriya da Ghana da maƙwabta suka yi kwanaki cikin wahalar sabis. A watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, matakin ya kuma shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A Nijar ma an yanke intanet ɗin waya na kwanaki bayan zaɓen Fabrairun 2021. Wanda ke zaune a ofis a Montreal ko California yana tsara wasa bisa zaton sabis ba ya ɗaukewa bai sa waɗannan mutane a lissafi ba.

Wani lokacin ma ana rufe ƙofar ne da sunan ƙasa. A watan Mayun 2024 Sony ya ce duk mai buga Helldivers 2 a kwamfuta sai ya haɗa shi da asusun PlayStation Network, alhali akwai ƙasashe da yawa da ba a buɗe wannan asusu a hukumance. Aka cire wasan daga kasuwar Steam a ƙasashe sama da 170, akasarin Afirka a ciki. 'Yan wasa suka yi masa ruwan munanan sharhi, cikin kwanaki kaɗan Sony ya janye sharaɗin asusun.

Akwai kuma abin da ya kamata masu sayen faifan tokumbo su sani. Yawancin faifan da ke isowa kasuwanninmu sun riga sun yi shekaru a hannun wani a Turai ko Amurka, wato sun fi kusa da ranar rufewa. Faifan The Crew na farko yana nan yana yawo da kwalinsa mai kyau, kuma ba ya aiki a PlayStation ko Xbox. Anthem na EA, wanda kamfanin ya sa 12 ga Janairun 2026 a matsayin ranar kashe sabarsa, haka nan. Mai sayarwa sau da yawa bai sani ba, shi ma a kwali ya saro. Kafin a biya, a juya bayan kwalin a duba ƙananan rubutun da ke cewa ana buƙatar intanet, a bincika sunan wasan a waya a ga ko sabarsa tana raye, sannan a sa mai shago ya zura shi a na'ura, a cire intanet, a gani da ido ko zai wuce allon farko.